Taimakon da Ya Zama Cuta: Tarihin Gwajin Kambirij da Somerville

Gabatarwa

A shekarar 1939 aka fara wani shiri na kare yara maza daga faɗawa cikin aikata laifi a garuruwan Kambirij da Somerville, maƙwabtan birnin Boston a jihar Massachusetts ta Amurka. An zuba masa dukiya, an ɗauki ƙwararrun ma'aikata, kuma babu mai shakkar kyakkyawar niyyar waɗanda suka tsara shi. Amma da aka bi sawun yaran shekara 30 bayan rufe shirin, sai aka tarar waɗanda aka taimaka sun fi waɗanda aka ƙyale mummunar makoma. Tarihin wannan gwaji yana cikin manyan hujjojin da ilimin halayyar ɗan Adam a cikin jama'a yake dogara da su wajen bayyana cewa laifi ɗabi'a ce da ake koyo a wurin zama, daga bakin abokai da kuma irin kallon da jama'a ke yi wa mutum.

Daga siffar jiki zuwa abokan zama

Kafin wannan gwaji, masana sun daɗe suna jayayya a kan tushen laifi. A 1876 likitan nan na Italiya, Cesare Lombroso, ya wallafa littafinsa a kan mai laifi, inda ya yi da'awar cewa akwai mutanen da ake haifa da laifi a jininsu, kuma ana iya gane su ta siffar ƙoƙon kai da muƙamuƙi da kunnuwa. Alƙali ɗan Faransa, Gabriel Tarde, ya ja da wannan ra'ayi. A littafinsa na 1890 a kan ƙa'idojin kwaikwayo, ya nuna cewa ɗabi'u suna yaɗuwa ne daga mutum zuwa mutum, gwargwadon kusancin da ke tsakaninsu. A 1913 kuma Charles Goring, likitan gidan kaso a Ingila, ya fitar da sakamakon awon fursunoni kimanin 3,000 da ya kwatanta da na sojoji da ɗalibai, bai kuwa sami wata siffar jiki da ta keɓanta da masu laifi ba.

Daga nan hankalin masana ya karkata ga zamantakewa. A 1938 Frank Tannenbaum ya yi bayanin yadda laƙaba wa yaro sunan ɓarawo ko taƙadari yake tura shi ga zama abin da aka kira shi. A 1939 Edwin Sutherland ya gabatar da ra'insa, wanda ya kammala a 1947, cewa ana koyon laifi ne a cikin ƙananan rukunoni na makusanta. Abin da ake koyo ya haɗa da dabarun aikatawa da kuma hujjojin da mutum zai ba kansa don zuciyarsa ta kwanta. Waɗannan ra'ayoyi suna da ma'ana, sai dai a lokacin suna buƙatar gwajin da zai auna su.

Likita Cabot da tsarinsa

Richard Clarke Cabot likita ne kuma malami a Jami'ar Harvard. Binciken Sheldon da Eleanor Glueck ya tayar masa da hankali, musamman wanda suka fitar a 1934 a kan yara 1,000 da suka bi ta kotun yara ta Boston, wanda ya nuna cewa kashi 88 cikin 100 sun sake aikata laifi cikin shekara biyar. Cabot ya ga cewa gyara bayan ɓarna ya yi latti, don haka ya ƙuduri aniyar tarar yaro tun yana ɗanye, a haɗa shi da babba mai tausayi da zai zame masa aboki kuma jagora.

Abin da ya bambanta shirinsa da sauran ayyukan jin ƙai shi ne ya tsara shi kamar gwajin magani. Makarantu da majami'u da ƴan sanda da hukumomin jin daɗin jama'a suka ba da sunayen yara ƴan shekara 5 zuwa 13, waɗansu fitinannu, waɗansu kuma masu matsakaicin hali, domin kada shiga shirin ya zama tambarin rashin ji. Aka ware yara 650, aka jera su biyu-biyu bisa kamanni a shekaru da basira da halin gida da unguwa. Sannan aka jefa kwabo sama don zaɓen wanda zai sami taimako a cikin kowane biyu, ɗayan kuma a bar shi yadda yake. Cabot ya rasu a 1939, bai ga sakamako ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya janye ma'aikata da yawa, har a 1942 aka rage adadin zuwa yara 506, wato 253 a kowane ɓangare.

Yaran da ƙuri'a ta faɗa wa sun sami mai ba da shawara da ke ziyartar su kimanin sau biyu a wata, na tsawon shekara biyar da rabi a matsakaicin lissafi. Fiye da rabinsu sun sami ƙarin darasi, waɗansu an kai su ga likitoci, an sa su a ƙungiyoyin matasa, da yawa kuma an tura su sansanonin hutun makaranta. An rufe shirin a 1945.

Abin da shekara 30 ta bayyana

Rahoton farko, wanda Edwin Powers da Helen Witmer suka fitar a 1951, bai sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin rukunonin biyu. Waɗansu suka ce a yi haƙuri, amfanin tarbiyya sai an girma yake bayyana. A tsakiyar shekarun 1970 Joan McCord ta shiga neman mutanen, waɗanda a lokacin sun haura shekara 40, ta kuma gano kashi 95 cikin 100 nasu. Ta bincika takardun kotuna da na asibitocin taɓin hankali da na wuraren jinyar mashaya da rajistar mutuwa, sannan ta aika musu da tambayoyi.

Sakamakon da ta wallafa a 1978 ya zo da fuska biyu. Kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda suka amsa daga rukunin taimako sun ce shirin ya amfane su, waɗansu ma suna tuna masu ba su shawara da ƙauna da godiya. Takardu kuwa sun faɗi akasin haka. Masu laifin da ke cikin wannan rukuni sun fi maimaita laifi, alamun shaye-shaye da matsanancin ciwon ƙwaƙwalwa sun fi yawa a cikinsu, kuma waɗanda suka mutu sun mutu da ƙarancin shekaru. Da McCord ta haɗa munanan makomomi wuri guda, wato hukunci a kan babban laifi, ko mutuwa kafin shekara 35, ko jinyar shaye-shaye ko taɓin hankali, sai ta sami kashi 42 cikin 100 a rukunin taimako, da kashi 32 a ɗaya rukunin. Wani abin lura shi ne cutarwar ta fi bayyana ga waɗanda suka fi daɗewa a shirin, da waɗanda iyayensu suka fi ba da haɗin kai.

Ina dalilin yake?

McCord ta kawo dalilai huɗu da za su iya bayyana lamarin, kuma dukansu suna komawa ga alaƙar mutum da mutane. Mai yiwuwa ɗabi'un masu ba da shawara sun ci karo da na iyayen yaran, yaro ya rasa wanda zai bi. Mai yiwuwa yaran sun saba da dogaro da wani, da aka janye taimakon sai suka ji an yashe su. Mai yiwuwa an ɗaga musu buri fiye da abin da rayuwa ta ba su. Mai yiwuwa kuma zaɓen da aka yi musu ya sa sun ɗauki kansu a matsayin masu matsala, kamar yadda Tannenbaum ya yi gargaɗi.

Dalili na biyar ya fito fili a 1999, a wata maƙala da Thomas Dishion da McCord da François Poulin suka rubuta tare. Da aka sake duba alƙaluman, sai aka ga cewa tsakanin yaran da ba su je sansanin hutu ba da takwarorinsu, bambancin kaɗan ne. Ga waɗanda aka tura sansani fiye da sau ɗaya kuwa, yiwuwar su fi takwarorinsu lalacewa ta ninka akasin haka har sau goma. Ba ƙuri'a ce ta zaɓi masu zuwa sansani ba, don haka wannan hujja ba ta kai ta ainihin gwajin ƙarfi ba. Sai dai binciken Dishion a jihar Oregon ya mara mata baya. Ya ɗauki hirar samari ƴan shekara 13 zuwa 14 da abokansu a bidiyo, ya lura cewa a tsakanin waɗansu, duk lokacin da ɗaya ya ambaci karya doka sai ɗayan ya saka masa da dariya. Yawan wannan dariya ya yi hasashen ƙaruwar laifi da shaye-shaye a shekarun da suka biyo baya. Dariyar aboki lada ce, abin da ake ba wa lada kuwa maimaita shi ake yi. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan da cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Irin wannan sakamako ya sake bayyana a wani shirin na Amurka, wanda ya shahara bayan wani fim na 1978 da aka ɗauka a gidan kason Rahway a jihar New Jersey, inda ake kai matasa wurin fursunoni don a tsorata su. Nazarin da Anthony Petrosino da abokan aikinsa suka yi wa gwaje-gwaje tara na irin wannan shiri ya nuna cewa matasan da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya.

Kammalawa

Tarihin Kambirij da Somerville bai nuna cewa taimakon yara banza ba ne. Abin da ya nuna shi ne taimako yana ratsawa ta hannun mutane, kuma wurin da aka ajiye yaro da waɗanda aka haɗa shi da su suna iya rinjayar duk nasihar da aka yi masa. Ya kuma nuna cewa godiyar wanda aka taimaka ba ta isa ta zama ma'aunin nasara ba, domin da babu yara 253 da aka bari don kwatance, da shirin ya shiga tarihi a matsayin abin koyi. Saboda haka duk hukumar da ke tara yara masu laifi a gida guda da sunan gyaran hali, ko take kulle ƙaramin ɓarawo tare da gogaggu, tana da tambaya biyu da za ta amsa kafin ta yaba wa kanta: wa yaron yake saurare idan malami ya fita, kuma da wa aka kwatanta shi kafin a ce ya gyaru?