Ruwa a Tiga, 'Yan Wasa a Birni

Idan banki ko kamfanin sadarwa ya gayyaci manyan abokan cinikinsa wasan golf a Kano, ba don ƙwallon ya yi ba. Filin yana da ramuka 18, ana raba baƙi hurhuɗu, kuma zagaye guda yakan ci kimanin awa huɗu. Wato manaja ya samu rabin yini yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da attajirin da a ofis minti goma ma sai an yi kamun ƙafa. Shi ya sa aikin da ya fi ba masu shiri wahala shi ne tsara wa zai yi wasa da wa.

Al'adar ta samo tushe daga zamanin Turawa. Bayan cin Kano a 1903 da isowar jirgin ƙasa a 1911, cinikin gyaɗa ya jawo kamfanoni irin su John Holt, daga baya kuma UAC. Ma'aikatansu da jami'an mulki suka yi wa kansu kulob da filin golf a gabashin ganuwa, nesa da jama'ar birni. 'Yan ƙasa ba sa shiga, ko da kuwa su ne ke tara wa kamfanonin gyaɗar. Manyan dillalai irin su Alhassan Ɗantata a ofis da wurin awo suke ganawa da Turawan. Sai da mulkin kai ya ƙarato ƙofar ta fara buɗewa.

Babbar matsalar filin kuwa ita ce ruwa. Ciyawar da ke kewaye da rami tana son ban ruwa kullum, ga rani mai tsawo. Dabarar da aka yi a filaye da dama na Arewa ita ce shimfiɗa yashi da aka cakuɗa da mai, ana share shi kafin a buga ƙwallo.

Ruwan da birni ya rasa yana kudancin jihar. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Noman rani shi ne babban dalili, amma an haɗa da burin shaƙatawa: otal ɗin Bagauda a bakin tafki, otal ɗin Rock Castle a Tiga, ga dajin Falgore a ɓangaren Tudun Wada da Doguwa domin masu kallon namun dawa. A takarda, babu inda ya fi nan dacewa kamfani ya kai baƙinsa.

Sai dai lissafin ya tsallake abu guda. Taron yini ɗaya ba ya riƙe wuri irin wannan. Abin da ke riƙe shi shi ne mambobin da ke zuwa kowane mako suna biyan kuɗin kulawa, kuma waɗannan a Nasarawa da Bompai suke, kusa da ofisoshinsu da masana'antunsu. Tiga kuwa tafiyar kimanin kilomita 70 ce. Attajirin da zai iya ba da awa huɗu bayan sallar asuba, ya koma Kantin Kwari kafin azahar, da wuya ya ba da yini sukutum. Da tattalin arziƙi ya karye a shekarun 1980, masana'antun Kano suka fara rufewa, otal-otal na gwamnati suka rasa baƙi da kulawa a lokaci guda.

Daga baya aka mayar da otal ɗin Bagauda reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, Rock Castle ya daɗe a yashe, Falgore kuma ya yi shekaru ana ambatonsa da 'yan fashi da ɓarayin shanu. Filin golf na Kano yana nan inda Turawa suka bar shi, sai dai yanzu gari ya kewaye shi ta kowace fuska.