Kariyar da doka ta bai wa masu sayayya da katin bashi a Birtaniya

A Birtaniya, duk wanda ya sayi kaya da katin bashi na banki, sai kayan ba su iso ba, ko suka zo da aibi, yana da damar neman kuɗinsa daga bankin da ya ba shi katin.

Wannan dama tana cikin sashe na 75 na dokar ba da bashi ga masu sayayya, wadda majalisar dokokin ƙasar ta zartar a shekarar 1974.

Dokar ta ɗora wa banki alhaki daidai da na mai sayar da kaya. Ma'ana, ba dole ba ne mutum ya fara bin ɗan kasuwa tukuna, kuma ko da kamfanin ya durƙushe, hakkin mai saye yana nan a wuyan banki. Amfanin hakan ya fito fili a watan Satumba na 2019, lokacin da kamfanin tafiye-tafiye na Thomas Cook ya rushe, ya bar ɗimbin mutane da tikitin da ba shi da amfani.

Sharuɗɗa

Sai farashin abin ya haura fam 100, kuma bai wuce fam 30,000 ba. Ana duba farashin kowane abu ne shi kaɗai, don haka riguna biyu na fam 80 kowace ba su shiga ciki ba, duk da cewa jimlarsu fam 160 ce.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, ba sai an biya duka kuɗin da katin ba. Wanda ya ba da kafin alƙalami na fam 50 da kati a kan motar fam 5,000, ya cika sauran da tsabar kuɗi, yana iya neman kuɗin baki ɗaya.

A 2007 kuma, kotun ƙolin ƙasar ta wancan lokaci ta yanke hukuncin cewa kariyar ta shafi har sayayyar da aka yi a ƙasashen waje, bayan da wasu bankuna suka yi jayayya a kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan kuɗin ya bi ta hannun wani dillali kafin ya isa ga mai kaya, domin a nan banki na iya cewa babu alaƙa kai tsaye, ya ƙi biya.

Katin cire kuɗi

Dokar ba ta shafi katin da ke cire kuɗi daga asusun mutum kai tsaye ba, wato irin wanda aka fi amfani da shi a Najeriya. Masu irin wannan kati sai dai su roƙi banki ya janyo kuɗin a ƙarƙashin ƙa'idojin kamfanonin Visa da Mastercard, galibi cikin kwanaki 120. Wannan tsari ne na kamfanoni, ba shi da ƙarfin doka.

Idan banki ya ƙi biya, ko ya yi makonni takwas bai ba da amsa ba, mutum na iya kai ƙara kyauta ga hukumar sasanta rikicin harkokin kuɗi ta ƙasar.

Ga masu ƙyamar kuɗin ruwa, kariyar ba ta dogara da barin bashin ya kwana ba. Wanda ya biya duk abin da ake bin sa kafin wa'adin wata ya cika, yawanci ba a ɗora masa ruwa a kan sayayya, kuma hakkinsa a ƙarƙashin sashe na 75 bai ragu ba.