Magani kyauta ga yara da mata masu ciki: me doka ta ce?

Kusan kullum damina masu saurare suna tambayarmu daga Bande, Waca, Guci da Dogo-Dogo, har da ƴan uwanmu na Kano da Libiya: shin maganin yaro kyauta ne a likita, ko sai an biya? Ga amsar.

Tun 1995 dokar Nijar ta ɗora wa marar lafiya biyan wani kaso na kuɗin magani. Wannan ya sa talaka yakan zauna gida har ciwo ya ci ƙarfinsa. A zamanin shugaba Tanja Mamadu aka sassauta: a 2005 aka yafe kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 aka ƙara da awon ciki, maganin tazarar haihuwa da duba yara ƴan ƙasa da shekara 5. Daga Satumban 2024 kuma, gwamnati ta rage rabin kuɗin duba marar lafiya, gwaji da kwanciya a likitocinta, haihuwa ta koma kyauta.

To me ya sa wani lokaci ake rubuta wa uwa takarda ta je farmasi? Tsarin shi ne likita ta yi wa yaro magani, daga baya gwamnati ta biya ta. Biyan nan ya sha yin jinkiri, in ya yi kuwa sai magani ya yanke. Amma dubawa dai haƙƙin yaro ce.

Rigakafi ma kyauta ne, har da allurar ƙyanda da maganin shan inna. Magarya na cikin wuraren da aka fara rabon maganin rigakafin masassarar cizon sauro a 2013, tare da ƙungiyar MSF. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, kowane wata na damina, kwana uku a jere: na farko a gaban mai rabo, sauran biyun uwa ce za ta ba shi a gida. Kada a ajiye, kada a raba wa ƙanne.

Iyaye, jikin yaro in ya yi zafi, a ɗauki karnensa a tafi ran nan, ba sai gobe ba. Ku kuma da ke ci-rani, doka ba ta biyan kuɗin kabu-kabu zuwa Magarya ko Dungas. Ku bar wani abu a hannun mutanen gida saboda irin wannan rana. Allah ya ba mu lafiya.