Rufe Iyaka da Ƙiyasin Manaja: Garaɓasar Ƙarshen Shekara da Lissafin Kayan Sito a Mashigar Jibiya

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda alƙawarin garaɓasar ƙarshen shekara ke tura manajan reshe ya lanƙwasa ƙiyasin abin da kaya suka tsaya wa kamfani, a hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya. An gano cewa a shekarar da aka rufe iyaka, abin da ya fi amfanar manaja shi ne ya kumbura hasara, ya ajiye riba sai shekarar da aka buɗe, kuma ƙa'idojin lissafi da kansu sun bar masa wannan ƙofa.

1.0 Gabatarwa

Tsakanin Magama ta Jibiya da Ɗan Isa ta ɓangaren Nijar, ɗan kasuwa ba ya tsara shekararsa da tabbas. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, a Nuwamban shekarar kuma kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe mashigun Illela da Maigatari a Disamban 2020, amma Jibiya sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 ya sa aka sake garƙame ta, har Maris na 2024. Kamfanin da ke sayen wake a Maraɗi ya kai kasuwar Dawanau, ko mai tura siminti da kayan masarufi can, ya sha wannan girgiza sau biyu cikin shekara biyar. Tambayar ita ce: idan garaɓasar manaja tana rataye da ribar reshensa, ta wane ɓangare zai karkatar da ƙiyasi?

2.0 Waiwaye a kan Ayyukan Magabata

Watts da Zimmerman (1986) sun kafa ra'ayin cewa manajan da ake biyansa gwargwadon riba zai zaɓi hanyar lissafin da ke jawo ribar gobe zuwa yau. Manyan badaƙaloli biyu sun ƙarfafa shi. A Cadbury ta Najeriya an gano a 2006 cewa an kumbura asusu da kimanin naira biliyan 13. A Toshiba ta Japan, kwamitin bincike na 2015 ya samu ƙarin riba ta ƙarya ta kimanin yen biliyan 152, wani ɓangarenta ta hanyar rage ƙiyasin kuɗin kammala manyan kwangiloli, saboda shugabanni sun ɗora wa manajoji burin da ba ya cimmuwa.

Da wannan ra'ayi ne nake da ja, ko in ce da yadda ake karanta shi a azuzuwanmu. An mayar da shi doka guda: manaja kullum riba yake kumburawa. Alhali tun 1985 Healy ya nuna, daga kamfanonin Amurka 94, cewa tsarin garaɓasa yana da ƙasa yana da sama. Akwai ribar da in ba a kai ta ba babu ko sisi, akwai kuma wadda in an wuce ta ba a ƙara komai. Manajan da ya ga ba zai kai ƙasan ba, ko wanda ya riga ya zarce saman, rage riba yake yi. Ana ambaton Healy a kundayen digiri, amma rabin maganarsa ake ɗauka, rabin da ya fi dacewa da garin kan iyaka kuwa a bar shi.

Akwai kuma masu cewa matsalar rashin tsoron Allah ce kawai. Ba na musun muhimmancin gaskiya, sai dai wannan bayani ba ya faɗa mana a wace shekara, a wane layi na asusu za a duba.

3.0 Hanyar Bincike

An ɗora tanade-tanaden ma'aunin IAS 2 na kayan sito, da IAS 21 na canjin kuɗi, da kundin ɗa'ar akantoci na IESBA, a kan jerin ranakun rufewa da buɗewar iyaka. Alƙaluman misalin da ke ƙasa na gwaji ne, don a ga girman tazara.

4.0 Sakamako

Ƙiyasi uku ne ke buɗe baki idan iyaka ta rufe. Biyun farko ba sa buƙatar dogon bayani. Tirelar da ta yi makonni a Magama tana cin kuɗin kwanan mota da na gadi da na 'yan dako idan an sauke an sake lodi. IAS 2 ya ce kuɗin sufuri da harajin shigo da kaya suna shiga cikin abin da kaya suka tsaya, amma kuɗin ajiya da ɓarnar da ta wuce ƙa'ida a kashe su a shekarar. Wanne ne kwanan tirela a bakin shinge? Manaja ne ke fara sa masa suna. Sai canji: kafin Yunin 2023 farashin gwamnati daban, na 'yan canji daban, kuma jakar sefa da aka biya a Maraɗi tana iya shiga littafi da fuska biyu.

Na ukun shi ne zuciyar wannan bincike. Ƙa'ida ta ce a rubuta kayan sito da wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin abin da suka tsaya da abin da ake sa ran za su kawo bayan an cire ɗawainiyar sayarwa. To, a watan da babu wanda ya san ranar buɗe iyaka, wa zai ce ga abin da wake zai kawo? A ɗauka akwai buhu 2,000 a sito, kowanne ya tsaya naira 50,000, jimilla miliyan 100. Mai kula da sito ya soka ƙarfe a buhuna goma, ya ga ƙwaro ya fara huda wasu, gari na zubowa a tafin hannunsa. Idan aka ce kashi 4 cikin ɗari ne ya lalace, ba a yi ƙarya ba. Idan aka ce kashi 10, shi ma ana iya kare shi, tunda zafi na ƙaruwa kuma maganin feshi ya yi tsada. Tsakaninsu naira miliyan 6 ce, ba tare da an ƙirƙiri rasit ko ɗaya ba.

Manajan da iyaka ta rufe a kansa ya riga ya san garaɓasar bana ta tafi. Ƙara hasarar miliyan 6 ba ya rage masa komai, kuma babu shugaban da zai zarge shi, don kowa ya ji a rediyo cewa an rufe Jibiya. Da an buɗe, sakin layi na 33 na IAS 2 ya halatta a dawo da darajar da aka rage idan yanayi ya canza. Ko ba a dawo da ita ba, buhun da aka rubuta da araha ana sayar da shi a farashin kasuwa, sai ribar ta fito a shekarar da ake lissafin garaɓasa. Ke nan kamfani zai biya lada a kan ribar da hasarar bara ce ta haife ta a takarda.

Wanda nauyin ke faɗawa a kansa shi ne ƙaramin akanta. Ba a cewa ya yi ƙarya. Cewa ake yi, "Malam, a yi taka-tsantsan, kada mu yaudari kanmu da darajar kayan nan." Yaya zai ƙi, alhali taka-tsantsan ne aka koya masa tun ajin farko? Matsin da ya zo da rigar tsantseni ya fi wuyar tunkuɗewa a kan wanda ya zo da neman a ƙara riba. Sashe na 240 da na 270 na kundin IESBA sun yi magana a kan kwaɗayin lada da matsin shugaba, kuma sun shafi karkata ta kowane ɓangare. Amma odita da ya zo daga Kano ko Legas, wanda ke tsoron a kai shi ƙara kan kumbura riba, yakan ga babban ragin daraja ya ji hankalinsa ya kwanta.

5.0 Iyakar Binciken

Za a ce ba a buɗe littafin wani kamfani ba, kuma yawancin cinikin Jibiya na 'yan kasuwa ne da ba sa ajiye asusun da odita ke dubawa. Haka ne. Abin da aka nuna shi ne inda kwaɗayi da dama suka haɗu, ba yawan waɗanda suka bi ta wurin ba. Ɓangaren Nijar kuma yana kan tsarin lissafi na SYSCOHADA, wanda ke buƙatar nazarinsa daban.

6.0 Shawara

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai bi, kuma zai jawo manyan kamfanoni da manajojin da ake biya bisa riba. Ya kamata masu kamfani su auna garaɓasar reshen kan iyaka a kan matsakaicin ribar shekara uku, su cire duk darajar da aka dawo da ita daga lissafin lada, su kuma ɗauke ƙiyasin ɓarna daga hannun wanda zai amfana da shi. Ga ƙungiyoyin akantoci na ICAN da ANAN da Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta Ƙasa: a umarci masu binciken asusu su kwatanta ragin darajar kayan sito na 2023 da farashin da aka sayar da waɗannan kayan a 2024, buhu da buhu.