Yadda Ruwan Batir Ya Iso Madarunfa

Shekaru ɗari da suka wuce, abu mafi cin hannu da mai sana'a ke taɓawa a ƙasar Madarunfa bai wuce ruwan toka na masu sabulu da marina ba. Yau kuwa kusan kowace unguwa tana da mai gyaran moto ko mai cajin batir, kuma a bayan bencinsa akwai jarka ko gora cike da ruwan da zai iya makantar da mutum cikin ɗan lokaci.

Asalin ruwan nan asid ne da ake yi da farar wuta. Masana irin su Jabir ɗan Hayyan da Abubakar Razi sun yi aiki da gishirin da Larabawa ke kira zaj, kuma daga ƙona shi ne waɗanda suka biyo bayansu suka riƙa tatsar asid ɗin kaɗan-kaɗan. A 1746 John Roebuck ya fara yin sa da yawa cikin ɗakunan dalma a Birmingham ta Ingila. A 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya tsoma farantan dalma a cikinsa ya samar da batir mai karɓar caji. Batirin da ke cikin motar kasuwa yau jikan wancan ne: dalma da asid, kusan kashi ɗaya cikin uku asid, sauran ruwa.

Nijar ta san asid ɗin nan ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce Arlit, inda kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da uraniyom a 1971, COMINAK ya biyo baya a 1978. Da wannan asid ake narkar da uraniyom daga dutse, shi ya sa aka daɗe ana jigilar farar wuta daga tashar ruwan Kwatano har can arewa. Ko me za a ce kan kamfanonin nan, kuma akwai abin cewa da yawa, a ƙa'ida ma'aikacin da ke kusa da asid akan ba shi safar hannu da tabarau, a nuna masa famfon da zai ruga in ya zube masa.

Ƙofa ta biyu ita ce tamu, kuma babu wanda ya tsaya bakinta yana bayani. Batir ya shigo da motocin da ke kwasar gyaɗa daga Maraɗi zuwa Kano. Daga mota ya sauko ya shiga zaure yana kunna talabijin a ƙauyukan da wuta ba ta kai ba. Da salula ta yaɗu bayan shekarar 2000, cajin waya ya zama sana'a; kabu-kabu suka cika hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya; sannan sola ta hau rufin shago da masallaci. Kowane ɗaya daga cikinsu da batirinsa, kuma duk batir akwai ranar da zai mutu.

A nan matsalar take. Mai sayarwa yakan zuba asid a gorar ruwan sha ko ta lemo, ba rubutu, ba alama, shi kuma garau yake, ba launi. Yaro mai ƙishi ba ya tambaya. Kurɓa ɗaya takan ƙone maƙogwaro, kuma ko ciwon ya lafa, bayan wasu makonni tabon yana iya tsuke hanyar abinci har kunu ya gagara wucewa. Dubi wandon yaron mai batir: ƙananan hujoji ne birjik kamar gara ta ci, ɗigon da bai ma ji saukarsa ba ne ya yi su. Abin da ya yi wa yadi haka, ido ba zai tsira ba.

Mataccen batir ma bai gama ɓarna ba. Masu fasa shi don dalma sukan tuttular da ruwan a ƙasa, su narka farantan a tsakar gida. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar dalmar tsofaffin batura. A gari irin Madarunfa, da ke rayuwa da tafki da fadama, inda ake kamun kifi ana noman rani, zubar da irin wannan a rariya ganganci ne.

Zinariya ta ƙara wani babi. A 2021 jama'a suka yi tururuwa zuwa yankin Ɗan Isa don haƙar ta, kuma a watan Nuwamba na shekarar rami ya rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu. Ruftawar rami kowa ya ji labarinta. Abin da ba a faye magana a kai ba shi ne sinadaran da ke bin zinariya duk inda ta ɓulla: zaiba, da asid nitirik da masu saye ke gwada ta da wanke ta da shi. Hayaƙinsa ja-ja ne, mutum zai shaƙa ya tashi garau, sai bayan awanni huhu ya cika da ruwa.

Ƙa'idojin ba su da wuya. Kada a zuba asid a gorar abin sha, kada a ajiye shi inda yaro zai kai. In za a sirka, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali. Ruwa a kan asid tafasa yake ya fantsamo fuska. Batir yana caji yana fitar da iska mai kama wuta, don haka ba taba, ba ashana, ba rufaffen ɗaki. In ya taɓa fata ko ido, a cire tufar, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 20. Manja da ɗanyen ƙwai da man goge baki ba abin da suke ƙarawa sai wahalar likita. In an sha, kada a sa mutum amai, domin asid ɗin zai sake ƙona hanyar da ya bi. A garzaya asibiti da gorar a hannu.

Masu gari, limamai da shugabannin makanikai na Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi da Jiratawa: ku sa kowane mai sayar da ruwan batir ya yi wa jarkarsa jan fenti, ya kuma ajiye bokitin ruwa kusa da bencinsa.