Binari: Tarihin Lissafi da Alamu Biyu

Binari tsari ne na ƙirga da adana bayani da alamu biyu kacal, 0 da 1. Sunan ya zo mana ta Ingilishi daga Latin, inda tushensa ke nufin biyu-biyu, kuma ana kiran duk abin da ba shi da hali na uku da shi, kamar makunnin fitila: ko a kunne ko a kashe. A lissafin da muka saba, kowane gurbi ya ninka na damansa sau goma. A binari sau biyu ne: 1, 2, 4, 8, 16, har gaba. Shi ya sa 100 ke zama 1100100, wato 64 da 32 da 4.

Tunanin ya girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba. A Indiya, tun kafin haihuwar Annabi Isa, Pingala ya tsara karin waƙa bisa gaɓa mai nauyi da marar nauyi, abin da ba baƙo ba ne ga mai nazarin arulin waƙar Hausa. A Sin kuma littafin I Ching yana da siffofi 64, kowace da layi shida, cikakke ko tsinkakke.

A ƙasar Hausa, inda tsarin ya fi fitowa fili shi ne bugun ƙasa, wato ilmin ramli, wanda ya yaɗu a Afirka ta Yamma tare da littafin Shehu Zanati na ƙarni na 13. Mai duba yakan baza rairayi a ƙasa ko a faifai, ya dangwala ɗigo da yatsa layi-layi ba tare da ƙirgawa ba, sannan ya bi yana sharewa biyu-biyu. Abin da zai rage ɗaya ne ko biyu, wutiri ko shafa'i. Layi huɗu su ne siffa ɗaya, don haka siffofin 16 ne, ba ƙari ba ragi. Daga huɗun farko, waɗanda ake kira uwaye, ake fitar da sauran, akasarinsu ta hanyar haɗawa: ɗaya da ɗaya su ba da biyu, ɗaya da biyu su ba da ɗaya, biyu da biyu su ba da biyu. Wannan haɗin shi ne dai wanda kwamfuta ke yi dare da rana. Abin da ya fi ban sha'awa yana gida na 15 cikin gidajen da ake jera siffofin, wato mizani: jimillar ɗigonsa dole ta zama shafa'i, don haka siffa takwas kaɗai ke iya sauka nan. In wutiri ya fito, mai duba ya san ya yi kuskure, sai ya sake. Da irin wannan dabarar injiniyoyi ke gano saƙon da ya lalace a hanya. Malamai da yawa sun haramta duba saboda da'awar sanin gaibu, kuma ba abin da lissafin ke faɗa game da gobe. Amma lissafin kansa daidai yake, ya kuma cancanci a san shi.

Wasu na cewa daga ramli Turawa suka kwaso binari. Wannan wuce gona da iri ne. Gaskiya an fassara ramli zuwa Latin a Sifen a ƙarni na 12, sai dai masu duba ba su ɗauki siffofinsu a matsayin adadin da za a tara ko a ninka ba. Wanda ya yi wannan aikin har ya shahara shi ne Leibniz, Bajamushe, wanda ya rubuta shi tun 1679, ya buga a 1703. George Boole ya biyo baya a 1854 da lissafin "gaskiya" da "ƙarya", sai Claude Shannon ya nuna a 1937, a Amurka, cewa makunnan lantarki za su iya gudanar da lissafin Boole. A 1941 Konrad Zuse ya kammala na'urarsa Z3 a Berlin bisa binari.

Me ya sa biyu, ba goma ba? An gwada goma: ENIAC ta 1945 da ita take aiki. Matsalar ita ce ƙarfin wuta yana hawa yana sauka, kuma na'urar da za ta bambance mataki goma ta fi saurin ruɗewa a kan wadda za ta tambayi abu ɗaya: akwai wuta ko babu?

Haruffa ma lambobi aka ba su. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Da Unicode ya zo, daga 1991, haruffanmu masu lanƙwasa suka sami mazauni. Lambar ƙ ita ce 409, wato 110011001.

A kasuwar hatsi ta Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa kan hanyar Katsina, binari ya shiga ciniki a hankali: wayar salula bayan 2001, sai sikelin lantarki da ake ɗora buhun riɗi ko zoɓo a kai, sai na'urar POS. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura manoma da dillalai da dama ga tiransifa, har manomin da ya kawo wake daga ƙauye ba ya sakin kayansa sai ya ga alat ya shigo wayarsa.