Kwaɗo, Zabuwa da Tsamiya: Halittun da ke Cikin Ɗinkin Kano

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya san unguwar Soron Ɗinki, kuma sunan kaɗai ya isa shaida a kan matsayin allura da zare a birninmu. Abin da galibinmu ba mu lura da shi ba shi ne, rigar da muke sawa ranar Juma'a da ranar Hawan Daushe tana ɗauke da bishiya da tsuntsu da dabba, ko da yake babu hoton ko ɗaya a jikinta.

Mu fara da zaren kansa. Silikin da ake kira tsamiya daga saƙar wata tsutsa yake fitowa, wadda ke cin ganyen bishiyar tsamiya. Sai a tattaro saƙar, a dafa da toka, mata su kaɗa ta zama zare. Shi kuwa alharini, jan silikin nan mai ƙyalli, ayarin raƙuma ne suke kawo shi ta Sahara daga Tarabulus, ya sauka a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a shekarar 1851, ya tarar tufafinmu suna kaiwa har Tambutu da Murzuk, ya kuma yaba rigar saƙi, wadda ɗige-ɗigenta na fari da baƙi suke kama da gashin zabuwa.

Magabatanmu mutane ne masu kiyaye addini, saboda haka maɗinka manyan riguna ba su zana surar mai rai a ƙirjin riga ba. Sai suka ɓoye halittar a cikin suna. Ga kwaɗo da linzami a wuyan riga. Ga dagi, wanda a asalin Hausa tafin ƙafar zaki ne ko damisa, kafin ya zama tambarin Arewa. Waɗannan suna zaune tare da aska biyu da aska takwas da tambari. Malami ne yakan fara zana su da alƙalami da tawada a kan ƙyalle, sa'an nan maɗinki ya bi sawu da allura, wani lokaci ya shafe watanni a kan riga guda.

Fure da ganye sun fito fili ne a hannun iyayenmu mata. Bayan zuwan Turawa a 1903 da isowar jirgin ƙasa a 1911, zaruruwa masu launi iri-iri suka yawaita a kasuwa, aka kuma koyar da ɗinkin gicciye a makarantun 'yan mata. Daga nan zanen gado da rigar matashin kai da labule suka cika da furanni da rassa da tsuntsaye. Uwa takan fara ɗinka wa 'yarta tun kafin a sa rana, ranar jere kuma dangin ango su ga hannunta a jikin gado. Da kuɗin wannan aiki da na ɗinkin hula mata da yawa suka haɗa kayan ɗaki ba tare da sun taka ƙofar gida ba.

A shekarun 1970 David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi maɗinka yana rubuta sunayen zane-zanen, har aka baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Baƙo ke nan ya ga darajar abin da muke takawa mu wuce. Yau keken ɗinki da na'ura mai kwamfuta suna kwaikwayon aska takwas cikin 'yan sa'o'i, amma wanda ke juya na'urar sau da yawa bai san sunan abin da yake fitarwa ba.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa mazauna Legas da Abuja da Kaduna: in kun zo Sallah, ku buɗe adakar gida, ku tambayi tsofaffi sunan kowane zane, ku rubuta, ku aiko wa ƙungiya. Wanda yake da hali kuma ya sayi aikin hannu, ko sau ɗaya a shekara. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci masu riƙe da allurar har yanzu.